Yayana Zai Kai Baba Wurin Mai Gyaran Ƙashin Baya, An Ce Har Magani Zai Ajiye

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a ƙasar Argungu. Mahaifinmu manomin shinkafa ne, shekarunsa 64, kuma shekara shida ke nan yana shan maganin hawan jini da na ciwon suga. Kimanin wata takwas da suka wuce ya fara fama da ciwon kwankwaso mai sauka ta ƙafarsa ta hagu har ƙasan gwiwa, tafin ƙafafunsa duka biyu kuma suna sagewa, wani lokaci ya ce kamar tururuwa ke yawo a ciki. Ya rame, kuma ciwon yakan tashe shi cikin dare. Babban yayanmu da ke aiki a Abuja ya ga bidiyon wani mai gyaran ƙashin baya da hannu, irin waɗanda ake kira kairofrakta, ya je ya same shi. Mutumin ya ce masa duk cututtukan Baba daga matsewar jijiyoyin baya suke, kuma idan aka yi masa zama 24 har maganin suga da na hawan jini zai ajiye. Yaya ya riga ya ba da kafin alƙalami mai yawa. Innarmu ta fi son a kai shi wurin wani mai ɗori a ƙauyen da ke kusa da mu, shi kuwa Baba cewa yake yi ciwon tsufa ne, a bar shi sai an gama yankan shinkafa. Hankalina bai kwanta ba, amma da na yi magana sai Yaya ya ce ina hana ruwa gudu alhali ban kawo ko sisi ba. Maganar ta yi mini ciwo, domin ni ce nake kwana nake tashi da jinyar Baba. Shin gaskiya ne jijiyar baya ce tushen kowane ciwo? Kuma yaya zan yi ba tare da na saɓa wa yayana ko na cutar da mahaifina ba?

Daga wata baiwar Allah, Jihar Kebbi.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ke kuma ya saka miki da alheri a kan hidimar da kike yi masa. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne maganar da yayanki ya faɗa miki. Wadda take tashi cikin dare ta ɗora ruwa, ta tuna lokacin shan magani, ta ga yadda riga take ƙara yi wa mahaifinta yawa wata bayan wata, ta kawo abin da ba a lissafa shi da naira, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rashin kwanciyar hankalinki yana da tushe. Zan ba ki amsa a fili tun daga farko domin kada ta ɓace cikin dogon bayani: kada Baba ya ajiye maganin suga ko na hawan jini a kan maganar kowa in ba likitan da ke duba shi ba, kuma kada a bari kowa ya danna masa baya da ƙarfi, ɗan boko ne ko na gargajiya, sai an yi masa bincike a asibiti an san abin da ke cikin ƙashin.

Wani ɓangare na ruɗanin nan a cikin harshenmu yake. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, yana kuma kiran farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi jijiya. Idan aka ce wa mutum jijiya ce ta matse, sai ya ji maganar ta yi daidai da hawan jini, ta yi daidai da ciwon kwankwaso, ta yi daidai da sagewar ƙafa, alhali kuwa abubuwa ne dabam-dabam da suka yi tarayya a suna kawai. Wadda mutumin Abuja yake nufi ita ce ta uku, jijiyar saƙo, kuma akwai gaskiya a farkon maganarsa wadda bai kamata mu ƙi ta ba.

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne 33: guda 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran kuma a can ƙasa, inda suka manne da juna. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifan guringuntsi mai aikin gammo, yana hana su gogar juna. Ta tsakiyar jerin nan laka ta ratsa tun daga ƙwaƙwalwa, kuma daga gare ta jijiyoyi 31 suke fita ta dama, 31 ta hagu, suna kai umarni ga tsoka, suna dawo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Jijiya mafi kauri a jikin mutum daga ƙasan baya take tasowa, ta bi ta ɗuwawu da bayan cinya har zuwa ƙafa. Idan faifan nan ya kumbura ya danne saiwarta, ko ƙofar da take fitowa ta ƙuntata saboda shekaru, sai mutum ya ji ciwo yana sauka ta ƙafa ɗaya kamar an ja masa igiyar wuta. Mutumin da ya shafe shekaru kusan arba'in a sunkuye, daga dashe zuwa yanka da lauje, yana saɓar buhunan shanshera, yana bin hanyar fadama a kan babur, ba abin mamaki ba ne idan hakan ta same shi. Wataƙila wannan shi ne labarin ƙafar Baba ta hagu.

Inda maganar ta kauce hanya shi ne cewa kowace cuta daga nan take. Akwai jijiyoyi 12 a kowane ɓangare da suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kuma ta goma a cikinsu, wadda take kai saƙo ga zuciya da huhu da ciki, ta gefen wuya take gangarowa, ba ta shiga cikin ƙashin baya ko kaɗan. Sa'annan idan aka yi wa mutum dashen ƙoda, yanke jijiyoyinta ake yi gaba ɗaya kafin a ɗauko ta daga jikin wanda ya bayar, amma ta shiga sabon jiki ta ci gaba da tace jini shekara da shekaru. Ciwon suga irin na manya yana samuwa ne idan jiki ya daina amsa wa sinadarin insulin, mai daidaita suga a jini, yadda ya kamata, ko sinadarin ya yi ƙaranci. Hawan jini kuwa yana da alaƙa da gado, da shekaru, da yawan gishiri, da aikin ƙoda, da taurin hanyoyin jini. Babu wani bincike ingantacce da ya nuna cewa danna ƙashin baya yana warkar da ɗayansu.

Mu mutanen wannan yanki mun san cututtukan jijiya na gaske, kuma mun san ta inda suke shigowa. Sanƙarau ƙwayar cuta ce da ke kama tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke lalata laka har ƙafar yaro ta shanye. Kuturta jijiyoyin hannu da ƙafa take ci, shi ya sa mai ita yake ƙonewa bai ji ba. A shekarar 2010, gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa. Duk waɗannan ta jini ko ta ƙwayar cuta suka isa ga jijiya, kuma rigakafi da magani da kwashe gurɓatacciyar ƙasa ne suka yi maganinsu. Na kawo su ne saboda tafin ƙafafun Baba. Sagewar da take kama ƙafa biyu lokaci guda, ta faro daga yatsu tana hawa, tare da jin tafiyar tururuwa ko zafin barkono, a jikin mai ciwon suga na shekara shida, ta fi kama da ɓarnar da suga yake yi wa ƙananan jijiyoyi idan ya daɗe a sama. Kin ga ke nan lissafin mutumin Abuja a juye yake: a nan suga ne yake cin jijiya, kuma ranar da aka ajiye maganinsa ranar aka buɗe masa ƙofa. Akwai kuma ƙarancin bitamin B12, wanda yakan samu wasu daga cikin masu shan maganin suga na metformin na tsawon shekaru, shi ma yana kawo irin wannan sagewa, kuma gwajin jini yana gano shi.

Yana da kyau ki san asalin sana'ar kairofrakta domin ki iya yi wa Yaya bayani cikin adalci. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya kafa ta a shekarar 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka. Ba likita ba ne. Ya taɓa sayar da kayan masarufi, ya kuma yi wani nau'in magani da ake dangantawa da maganaɗisu. Ya ce ya danna bayan wani mai sharar ginin da yake aiki wanda ya daɗe ba ya ji sosai, sai jinsa ya dawo, daga nan ya gina ra'ayin cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke. Sunan sana'ar daga harshen Girka aka haɗa shi, ma'anarsa aikin hannu. Daga wancan lokaci zuwa yau masu sana'ar sun rabu: wasu suna nan a kan tsohon ra'ayin, wasu kuma sun tsaya a kan ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci. A shekarar 2010 hukumar da ke sa ido a kan masu wannan sana'a a Birtaniya ta faɗa da kanta cewa babu hujjar bincike da ta nuna waccan gocewa ita ce sanadin cututtuka.

Wannan ba ya nufin aikin banza ne. Ga ciwon baya na yau da kullum, wanda ba wata muguwar cuta a ƙarƙashinsa, danna gaɓoɓin baya da hannun ƙwararre yana rage ciwo ga mutane da dama, gwargwadon yadda motsa jiki da gashin ƙashi suke ragewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma a ƙa'idojin da ta fitar a 2023 game da ciwon baya mai daɗewa ta sanya wannan aiki cikin abubuwan da za a iya gwadawa, tare da motsa jiki da ilimantar da majinyaci. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas da ake ji a bidiyo, wadda take sa mai kallo ya ɗauka ƙashi ne ya koma mazauninsa, iska ce da ke cikin ruwan gaɓa, irin wadda kike ji idan kika lanƙwasa yatsunki. Bidiyon kuma yana nuna murmushin minti na farko ne, ba ya bin mutum gida ya nuna yadda ya kwana bayan mako biyu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, kuma ina so ki karanta shi da natsuwa. Kin ce Baba ya rame, kuma ciwon yana tashinsa cikin dare. Ramar tana iya zama ta sugan da bai daidaita ba, amma idan dattijo mai shekara 64 ya haɗa ciwon baya na wata takwas da rama da ciwon dare, wajibi ne likita ya kore wasu abubuwa kafin a kira shi ciwon tsufa. Na farko shi ne tarin fuka na ƙashin baya. Ƙwayar tarin tana iya barin huhu ta zauna a ƙashi tana cinsa sannu a hankali, mutum ba ya ko tari, har ƙashin ya rufta ya fito da doro ko ƙafafu su shanye, kuma mai ciwon suga ya fi saurin kamuwa da ita. Na biyu shi ne ciwon daji na wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda likitoci ke kira furostet, domin idan ya yaɗu ƙashin baya yake yawan nufa. Akwai kuma ruɓewar ƙashi ta wata ƙwayar cuta, da raunin ƙashi na shekaru. Ban ce Baba yana da ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma sau da yawa bincike yakan fito da abin da ya fi su sauƙi. Sai dai duk ƙashin da ɗayansu ya ci ya zama kamar azarar da gara ta shiga, daga waje lafiya lau, amma danna ɗaya mai ƙarfi yana iya karya ta a kan laka. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2005 kan horo da kiyaye lafiya a wannan sana'a, ta lissafa irin waɗannan yanayi cikin waɗanda ba a danna baya a cikinsu. Murɗa wuya da sauri kuma yana da nasa haɗari: ba kasafai yake faruwa ba, amma an samu waɗanda hanyar jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa ta tsage musu bayan murɗar, suka samu shanyewar ɓarin jiki. Dattijo mai hawan jini ba shi da dalilin shiga wannan kasada a kan ciwon da ke kwankwaso.

Abin yi a wannan mako shi ne a kai Baba babban asibiti. Birnin Kebbi tana kusa da ku, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, kuma idan aka buƙaci likitocin laka da ƙwaƙwalwa akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ki tafi da dukkan kwalayen magungunan da yake sha, har da na kemis da na gargajiya, kuma ki rubuta tarihin ciwon a takarda tun daga gida: yaushe ya fara, ina yake sauka, me ke tayar da shi, ko akwai zazzaɓi ko gumin dare ko tari, ko fitsarinsa ya canza. Dattawa sukan rage wa ciwo nauyi a gaban likita, ya tambaye su su ce da sauƙi, saboda haka ki nemi izinin Baba ki faɗi maganar rama da ciwon dare da bakinki. Ki tambayi likita game da gwajin suga na wata uku da ake kira HbA1c, da gwajin ƙoda, da hoton baya da na ƙirji, da gwajin tarin fuka, da gwajin jini na furostet, shi kuma zai yanke ko ana buƙatar hoton MRI, mai nuna laka da jijiyoyi. Idan tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma ana warkewa idan aka sha shi har ƙarshe.

Akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti idan sun bayyana. A ƙasan baya, bayan laka ta ƙare, jijiyoyi suna sauka a dunƙule kamar wutsiyar doki, kuma su ne suke riƙe fitsari da bayan gida. Idan Baba ya kasa yin fitsari, ko ya fara zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa da mazauninsa suka sage, ko ƙafafun suka fara rasa ƙarfi har yana jan ɗaya, a nemi mota a ranar, ko da dare ne, domin a irin wannan hali jinkirin kwana ɗaya yana iya barin lahanin da ba ya gyaruwa.

Sai batun Yaya. Maganar da ya faɗa miki ba daidai ba ce, amma ina roƙonki ki dubi inda ta fito. Ɗan fari da ke nesa da gida, yana jin labarin ciwon mahaifinsa ta waya, yakan ji nauyin rashin kasancewarsa, kuma kuɗi ne hannun da yake iya miƙowa daga can. Ya ga wani abu da ya ba shi fata, ya biya, sai ƙanwarsa ta ce a dakata, sai ya ji kamar an ce masa an yaudare shi. Idan kika tunkare shi da cewa mutumin maƙaryaci ne, zai kare mutumin ne domin ya kare kansa. Ki kira shi a lokacin da yake da natsuwa, ki fara da godiya a kan abin da ya kashe, sa'annan ki ce masa: "Yaya, ban ce kada a je Abuja ba. Ina roƙon a fara yi wa Baba hoto da gwaji a nan, domin duk wanda zai taɓa bayansa ya san abin da yake taɓawa, kuma tafiyar yini guda a mota da wannan ciwo ba ƙaramin abu ba ce." Da wuya ɗa mai son mahaifinsa ya ƙi wannan. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma abin da kike nema lafiyar Baba ce. Idan kin ga maganarki ba za ta shiga ba, ki nemi baffanku ko kawunku da Yaya yake jin nauyinsa, ko ki roƙi likitan ya yi masa magana ta waya na minti biyu bayan ya duba Baba.

Ki kuma ba Yaya tambayoyin da zai kai wa mutumin Abuja da kansa, domin abin da ya ji da kunnensa zai fi tasiri a kan abin da kika faɗa masa. A Nijeriya akwai hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar 1988, ita ce take yi wa likitocin gashin ƙashi da masu gyaran ƙashin baya da hannu rajista, saboda haka ya nemi ganin lasisinsa da shaidar makarantar da ya yi, domin horon gaske na shekaru ne, ba kwas ɗin makonni ba. Ya tambaye shi ko zai taɓa dattijo mai rama da ciwon dare ba tare da ganin sakamakon asibiti ba, ya kuma roƙe shi ya rubuta a takarda cewa Baba zai ajiye maganin suga. Ƙwararre na gaske zai ce a kawo sakamako tukuna, kuma ba zai sa hannu a kan ajiye magani ba. Ni dai a ganina, wanda ya yanke zama 24 ga majinyacin da bai taɓa gani da ido ba, ya kuma karɓi kuɗi a kai, ya riga ya nuna abin da ya isa a yi hattara da shi. Idan ya yarda ya mayar da kafin alƙalamin, sai a juya shi ga gwaje-gwaje; idan ya ƙi, asarar kuɗi ta fi sauƙin ɗauka a kan abin da muke gudu, kuma kada ki taɓa goranta wa Yaya a kanta.

Inna kuwa tana neman abin da ta sani ne, kuma mai ɗori yana kusa, yana jin yarenta, ba ya sa ta layi. Ki nuna mata cewa ɗori na karaya da targaɗe ne, Baba kuwa bai faɗi ba, bai karye ba, kuma sharaɗin da aka sa wa na Abuja shi aka sa wa na ƙauye, domin kada ta ji an fifita zaɓin ɗanta a kan nata. Ki yi mata bayani musamman a kan tsaga da sakiya da ƙaho: ciwo a jikin mai suga ba ya saurin warkewa, kuma ƙaramin yanka yana iya zama gyambo. Abin da za ta iya yi da hannunta, kamar shafa mai a hankali ba tare da dannawa ba, da kula da abincinsa, da rage gishiri da dunƙulen miya, ki bar mata shi, domin ita ma tana bukatar ta ji tana da hannu a jinyar mijinta.

Shi kuma Baba, wanda kowa yake magana a kansa, kada a manta jikinsa ne kuma shawararsa ce. Da ya ce a bar shi sai an gama yanka, ina jin tsoron asarar amfanin shekara ne yake magana, da kuma ƙin zama nauyi a kan 'ya'yansa. Ku cire masa wannan damuwa kafin ku ambaci asibiti: Yaya ya biya 'yan ƙwadago su yi yanka da bugu da ɗauka, wani daga cikin dangi ya tsaya a kan aikin, shi kuma Baba a kawo masa lissafin buhuna kullum da yamma. Ki gaya masa gaskiya cikin ladabi, cewa kwana ɗaya ko biyu ake nema a yi hoto, kuma ramarsa ce ta hana ki barci. Uba yakan yi domin hankalin 'yarsa abin da ba zai yi domin kansa ba.

Idan Allah ya sa bincike ya nuna faifai ne ya danne jijiya ko ƙashi ya goge saboda shekaru, to hanya ta buɗe, kuma yawancin masu irin wannan suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba. Sashen gashin ƙashi na asibitin da aka duba shi ya fi dacewa a fara da shi, domin za su koya masa motsa jikin da zai ƙarfafa tsokar baya da ciki, da yadda zai ɗaga kaya da gwiwa maimakon kwankwaso, kuma yana kwana a gidansa. Idan bayan haka Yaya yana son a gwada mai gyaran baya mai rajista, kuma likita ya ce babu haɗari, ba laifi, bisa sharaɗin a yi a hankali, a bar wuya, a biya zama-zama, a ci gaba da magani, kuma idan aka yi makonni kaɗan babu canji a tsaya.

Kafin ranar asibiti akwai abubuwan da ke hannunki. Ki duba abin da Baba yake saya a kemis, domin magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna iya ɗaga hawan jini, su taɓa ƙoda, su kawo gyambon ciki idan aka daɗe ana sha, haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda kuma sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, wanda yake ɗaga suga yana kuma raunana ƙashi. Kada ya kwanta yini guda, ya riƙa ɗan zagayawa a tsakar gida gwargwadon iyawarsa, amma ya bar ɗaukar buhu da doguwar tafiya a babur. Idan ruku'u da sujada suna tsananta ciwon, shari'a ta sauƙaƙa masa ya yi salla a zaune. Ki riƙa duba tafin ƙafafunsa da tsakanin yatsu kowace yamma, domin mai sagewar ƙafa yana iya taka ƙaya a fadama bai ji ba. Kada ya shiga ruwan gona ba takalmi, kada ya gasa ƙafa a bakin wuta, kuma ki taɓa ruwan wankansa da hannunki kafin ya zuba. Jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da narkar da abinci suna amsa wa damuwa da rashin barci, har jini ya hau, ciwo ya ƙara tsanani, saboda haka a daina yin gardamar Abuja da ƙauye a gabansa.

Ke ma, Malama, kina koyarwa da rana kina jinya da dare, kuma jiki ɗaya gare ki. Idan kun yi magana da Yaya, ki roƙe shi a raba kwanakin kwana da Baba tsakanin 'yan'uwa, ko a samo wanda zai riƙa karɓarki kwana biyu a mako. Idan sakamakon gwajin ya fito, ki ɗauki hotonsa ki tura wa Yaya kafin kowa, sa'annan ki sake rubuto mini abin da likita ya ce domin mu duba mataki na gaba tare. Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa, ya daidaita tsakaninki da yayanki.